Allin Gidan Olarte

Shekara arba'in da biyu Fermín Olarte yana riƙe da allin gidansu. A gidan Olarte, in za a juye jar giya daga wannan ganga zuwa waccan, sai babba a gidan ya cusa hanci a bakin gangar da aka wanke ya sunsuna. In lafiya take, ya ja mata layi da alli a zuba. In ya ji fumfuna a katakon, a mirgina ta waje. Haka kakansa ya yi, haka ubansa, kuma duk garin Haro an san hancin Fermín ba ya ƙarya.

Sai dai hancin ya mutu. Wata mura ce ta kwantar da shi bara waccan, da ta tashi ta tafi da hancin. Ko tafarnuwa ake soyawa a gabansa ba ya ji. Bai faɗa wa kowa ba. Kullum sai ya sauka ɗakin gangunan da ke ƙarƙashin ƙasa, ya duƙa, ya lumshe ido kamar mai ji, ya ja layi. 'Yarsa Nieves, wadda ta karanto aikin inabi a Logroño, ta taɓa roƙonsa ya riƙa ba ta allin. Dariya ya yi mata a gaban ma'aikata, ya ce hancin makaranta takarda kawai ya iya sunsunawa. Girman kai rawanin tsiya, shi kuwa ya naɗa shi har kunne.

Ran wata Lahadi dangi suka taru cin gasasshen rago, aka sauka ɗanɗana giyar tsohuwar gonar inabin da mahaifin Fermín ya dasa, wadda ta shekara biyu tana kwance a gangunan katakon itacen roble. Al'ada ce babba ya fara. Fermín ya ɗebo daga gangar farko, ya ɗaga kofin a gaban kyandir, ya kurɓa, ya ce rabonsa da irin wannan tun shekarar da ya yi aure. Sauran suka kai kofi hanci. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Ƙaninsa Eusebio, wanda baki bai taɓa yi wa nauyi ba, ya ce, "Yaya, wannan ai warin tsumman da ya kwana a ruwa take yi. Ko akuya ba za ta sha ba."

Ga layin allinsa a jikin gangar, fari tas. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya fara laluben abin da zai ɗora wa laifi, ko mai wanki, ko mai sayar da katako, sai Nieves ta miƙa wa mijinta jaririn da ke hannunta, ta matso kusa da shi.

"Baba, laifina ne. Ranar da aka yi wa wannan juyin ƙarshe ina asibiti wurin haihuwa, ban samu na bi bayanka ba."

Ya tambaye ta wane bin baya. Da kyar ta faɗa. Shekara biyu ke nan, duk gangar da ya ja wa layi sai ta jira ya hau cin abinci ta sake sunsunawa. Goma sha ɗaya ta musanya a ɓoye, ta kwaikwayi layinsa a kan sababbin. Ya dubi Eusebio, ya dubi matarsa, ya dubi surukinsa. Babu wanda ya yi mamaki. Ashe duk gidan sun sani, lallaɓa shi kawai ake yi kamar mara lafiya.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro guntun allin, ya miƙa mata, bai iya ɗaga ido ba.

Ta ce, "Bar shi, Baba. Ina da nawa."