Kada Ki Wanke Ni

"Ba zan ba su ba, Ammi."

Ammi Tijani, ƙanen mahaifina, ya ajiye finjalin gahawa a hankali. Kwana bakwai ke nan da muka kai Yaba, mahaifina, makwancinsa, ko tabarmin zaman makoki ba a naɗe ba. Motar kamfanin feshi na ƙofar gida, wakilinsu na zaune a ciki, bai ko kashe injin ba. Littafin da Yaba ke rubuta kowane tashinsa da jirgi suka zo karɓa. Wai za su saka shi cikin gilashi a ofis don girmama shi.

"Tahani, ba shawara nake nema ba. Shiga ki ɗauko."

Na ce littafin yana inda yake, kuma can zai zauna. Ya dubi Yumma, mahaifiyata. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ga ribar karatun Khartum," in ji shi. "An tura yarinya neman ilimi, ta dawo da taurin kai."

"Taurin kan a gida na same shi, Ammi. Rubuta shi kawai aka koya min a can."

*

Duk ƙauyenmu Kaftin Abdulbagi ake ce wa Yaba, shi kuwa yakan yi dariya ya ce audugarsa ba ta san wannan sunan ba. Wata huɗu a shekara yana sama yana yi wa gonakin Jazira feshi, sauran watannin yana cikin taɓon tasa gonar har gwiwa, yana juya ganye yana neman tsutsa. Idan ya gifta ta saman gidanmu sai ya karkaɗa fikafikan jirgin. Yumma takan fito da gudu, ta dawo tana mitar ya sa kisra, wainarmu ta dawa, ta ƙone mata a kan tanda. Ba ya taɓa mu sai ya yi wanka da sabulu sau uku. Duk da haka warin maganin na bin sa har kan darduma.

Matuƙi ba ya gane layin gona daga sama. Sai an tsayar da mutum a ƙarshen layi da farar tuta, ya tsaya cak har jirgin ya wuce ta kansa, sannan ya ƙirga taku ya sake tsayawa. Masu tutar 'yan ƙwadago ne daga kambo, bukkokin nan na bakin magudanar ruwa. Sauran matuƙa awoyi kawai suke rubutawa. Yaba yana ƙarawa da inda iska ta nufa, da sunan mai tuta. Ya taɓa ce min daga sama ɗigo ne su, amma ranar tsintar auduga a gonarsa kwano ɗaya suke ci.

Daga baya ya fara jan layi da jan biro a gefen sunan duk wanda ya mutu. Na ƙirga ashirin da uku. Akwai kuma wata magana da ta maimaitu sau goma sha ɗaya: "Iska ta juya wajen kambo. Na ce a jira. Aka ce in tashi. Na tashi."

Da tari ya kayar da shi, ya sa na zaro littafin daga ƙarƙashin matashinsa.

"Masu wankan gawa za su yi nasu," ya ce. "Ke kada ki wanke ni."

*

Wakilin ya tafi hannu rabbana. Ban ƙara ganinsa ba, aikinsa kawai na gani.

Mai gadin ƙofar ruwa ya fara cewa juyin gonarmu bai zo ba. Ruwa ya wuce ta gabanmu zuwa gonar maƙwabci, mako na bin mako. Na kwafi shafukan littafin na kai ƙara birnin Wad Madani. Wani akawu ya ce in dawo bayan Sallah. Wani likita ya karanta har ƙarshe, ya turo min takardun da ɗan yatsa, ya ce yana da 'ya'ya. Iyayen Mu'awiya, wanda aka sa mana ranar aure da shi, suka aiko a ɗaga bikin sai an ga yadda hali ya yi.

Ammi ya tare ni a bakin gona, tana ta tsagewa don ƙishi.

"Asirin wa kike son tonawa? Wa ya tuƙa jirgin? Ubanki ne fa, 'yar nan."

"Na sani, Ammi. Shi ya rubuta."

Sai na tafi kambo wajen wani dattijo da ya binne 'ya'yansa mata biyu a mako guda, makon da kifi ya taso matacce a magudana. Na karanta masa shafin ranar. Ya sa na maimaita. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce Allah ya jiƙan Kaftin, shi kaɗai ne ya taɓa tambayar sunansa. Ya roƙe ni kada in ambace shi a ko'ina. Har yanzu shi ke riƙe tuta, kuma akwai sauran yara huɗu a bukka.

*

Audugar Yaba ta bushe a tsaye. Mu'awiya ya auri 'yar kawunsa. Makarantar 'yan mata da ta yi min alkawarin koyarwa ta ɗauki wata. Yumma ba ta yi min magana sai idan gishiri take nema. Ba mu iya barin ƙauyen, don duk wanda ya bar gonarsa an ba wani, ba mu kuma iya nomanta. Wannan shi ne abin da na biya, kuma littafin na nan cikin buhun dawa, ba wanda ya yarda ya yi aiki da shi.

Yau da safe jirgi ya gifta ta saman gidanmu, bai karkaɗa fikafikai ba. Yumma ba ta ɗago daga tanda ba. Na fita, na jiƙa ɗan yatsa da miyau na ɗaga sama, yadda Yaba ya koya min. Iska ta nufi kambo. Can nesa farar tuta na tsaye cak.

Na zaro littafin, na rubuta kwanan wata a ƙarƙashin rubutun Yaba, da iska, da sunan dattijon. Na bar ɗan fili a gefen sunan, daidai wurin jan layi.