Suna Biyu a Kan Takardar Dakta

Idan mutum ya dawo maka da abin da ba ka san ya ɗauka ba, kyauta ya kawo ko tuba? Har yau ba a sami mai raba wannan gardama a unguwar magina ta Wurno ba. Inna Turai ma, wadda abin ya faɗo a kanta, tsaye take da tambayar a bakin rumfar maƙwabcinta Dakta Zayyanu, tana goge hannu da gefen zane.

Yana kwance a katifa, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sheƙi. Wata takwas ke nan ana kai shi wankin ƙoda Sakkwato. Matarsa Raihana na yi masa fifita, ɗalibarsa Mashkura kuma na zaune a tabarma da kwamfuta a cinya.

"Inna, da yumɓun kit taho, ko kin wanke hannu?" in ji shi.

"Ji ɗan nema. Kai da nika kora bakin ramin gashin tukwane, kana satar min yumɓu kana gina shanu?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Shekara ashirin ya yi yana koyarwa a jami'a. Bincikensa a kan haɗa yumɓu ne da tokar buntun shinkafa, wadda ake niƙawa har ƙwayarta ta fi ƙarfin ido, abin da su ke kira nano, don a sami tukunyar da za ta tace ruwan fadama ya fito garau. Shekara biyu tukwanensa suna tsagewa a wuta. Wata rana ya zo gida da kwaɓin a leda, Turai ta ɗan lasa, ta tauna, ta tofar. Ta ce toka ta yi yawa, kuma kwaɓi sai ya kwana uku a inuwa ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu kafin a taɓa shi. Tun daga nan ko ɗaya ba ta sake tsagewa ba. Ita kuwa ta ma manta an yi.

"Ƙarin girma biyu nis samu da harshenki, Inna," ya ce. "Ƙarshen takarda sai nir rubuta godiya ga magina na yankinmu. Ko sunanki ban sa ba. Yanzu ga ta ƙarshe, ita ta za ta ba Mashkura digirinta. Ba ni sa hannu a aika ta sai da sunanki cikin marubuta."

"Marubuta? Ni da ko alif ban iya ja ba?"

"Ke kis san abin da injinmu bai sani ba."

Turai ta zauna a kan turmi. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Ba ni nig gano shi ba. Innata ta koya min, da duka ma, in na gaggauta kwaɓi. In na amshi wanga suna, na yi mata abin da kay yi min. Ku aika abinku. Na yahe maka."

"Yahiya daban, suna daban."

"To ban so."

Mashkura ta sunkuyar da kai. Shekara shida ta ba aikin nan, kuma idan wata ya ƙare takardar ba ta tafi mujallar da za ta buga ta ba, sai ta sake jiran wata shekarar, ga shi watakila babu malaminta. Turai ta ga haka, ranta ya ɓaci.

"Ɗiyar mutane kar riƙe don ka sauke kayanka bisa kaina. Wanga ba tuba ba na, Zayyanu, wayo na."

Ta fita ba sallama.

Kwana huɗu ba ta leƙa ba. Tana ginin tulu, tana jin tarinsa ta bayan katanga, tana gardama da shi a zuci. A rana ta biyar da hantsi Raihana ta leƙo ta ce yana son wani abu, wai ƙanshin ɗanyen yumɓu. Turai ta yanko curi daga ƙarƙashin buhu, mai sanyi, ta kai masa. An hana shi shan ruwa sai na jiƙa leɓe, bakinsa duk ya bushe. Ya riƙe curin da hannu biyu a kan ƙirji, ya shaƙa, ya rufe ido.

"Kwana nawa yay yi?" ya tambaya.

"Biyu."

"Bai kai ba ke nan."

"Yanzu ka iya," in ji ta.

Yatsunsa suka yi ta motsi a hankali, har curin ya fitar da tozo da ƙaho ɗaya. Ba wanda ya ɗauko zancen takarda. Ta zauna har aka kira azahar, ta gyara masa matashi, ta tafi.

Ya cika ranar Alhamis bayan la'asar. Motoci suka zo daga jami'a suka toshe lungun har bakin masallaci, mutanen Marnona dangin mahaifiyarsa suka zo a kan babura. Turai ta ɗebo ruwan wankan gawar da kanta, a sabon tulu.

Bayan sadakar uku Mashkura ta shigo yi mata ban kwana, jaka a kafaɗa. Ta same ta tana kwaɓi.

"Inna, zan koma. Kada ki damu da zancen takarda. Malam ya sa hannu tun ran Talata."

Turai ta ɗago.

"Ya sa?"

"Ya ce in kin ƙi, in aika hakanan. Ya ce kina da gaskiya, bai kamata shi tahi da shekarata ba."

"Bai hwaɗa min ba."

"Ya ce kada a hwaɗa miki sai bayansa, don kada ki ji nauyi."

Kaza ta ratsa tsakar gida da 'ya'yanta. Turai ta ci gaba da murza yumɓun, ta ninke shi, ta sake ninkewa, ta rufe da buhu. Sannan ta jawo tabarma da ƙafa.

"Zamna. Buɗe abin nan naki."

Mashkura ta buɗe.

"Rubuta Turai."

"Sai sunan mahaihi, Inna. Biyu suka so."

"Baba manomin albasa na, Allah shi jiƙan shi. Bai taɓa yumɓu ba."

Tun da Turai ta yi wayo ba ta taɓa kama sunan mahaifiyarta da baki ba, ko bayan rasuwarta shekara talatin da wani abu. Idan ta haɗu da mai sunan, Takwarar Inna take ce mata. Ta jiƙa leɓe, ta duba ƙofa kamar mai gudun a ji.

"Bara'atu," ta ce, ƙasa-ƙasa.

Mashkura ta buga, ta juyo mata da kwamfutar. Baƙaƙen layuka ne a jere, duk iri ɗaya a idon Turai.

"Wanne a nata?"

Mashkura ta nuna. Turai ta matso, ta ɗora yatsa a kan gilashin. Da ta ɗauke, ɗan tabon yumɓu ya rage a wurin, ɗanye, yana bushewa daga gefe.