Kwanon Amma Mai Hawa Uku

Tun da Sar Mizanur, malaminmu, ya liƙa takardar ziyara a allon sanarwa hankalina ya tashi. Masana'antun ɗinki a Gazipur ba sa ƙirguwa, amma wai a rasa wadda za a kai baƙi sai wadda uwata ta shekara goma sha ɗaya tana ɗinka wuyan riga a cikinta.

Baƙin ɗalibai ne su ashirin daga wata jami'a a Holan. Sun zo yawon karatu na mako biyu, su ga da idonsu yadda rigar da aka ɗinka a ƙasarmu take kaiwa kantunan garinsu. Sashenmu na nazarin kasuwanci ya haɗa kowane baƙo da ɗalibi guda, mu yi rakiya mu yi tafinta. Ni aka haɗa ni da Femke, wata doguwa mai tambayar tsiya, wadda ko rikisha muka hau, keken hayan nan mai ƙafa uku, sai ta tambayi mai tuƙin shekarunsa ta rubuta.

A ajinmu babu wanda ya san sana'ar uwata. In an tambaye ni sai in ce tana harkar tufafi, in bar zancen a nan. Ishrat da muke zama benci ɗaya 'yar Gulshan ce, unguwar masu kuɗi, direba ke kawo ta, kuma masu ɗinki "'yan keke" take ce musu tana yatsine fuska. Shekara biyu ina dariya tare da ita, Allah ya yafe mini.

Ranar ziyarar da asuba na tarar da uwata, wadda nake kira Amma, tana cika kwanonta mai hawa uku. Shinkafa da dakakken dankali a sama, shinkafa da miyar wake da muke kira dal a tsakiya, shinkafa da busasshen kifi a ƙasa.

"Amma, yau fa za mu zo."

"Na sani. Kwana uku ana yi mana hadda kamar 'yan makaranta. Wai mu ce ƙarfe biyar muke tashi, Juma'a hutu, ƙofa a buɗe take kullum. Wadda ta yi tuntuɓen baki a karɓe katinta na aiki a bakin ƙofa, sunanta kuma ya zaga sauran masana'antu, ko shara ba za a ɗauke ta ba. An ma ce yau kowa ya zo da kwano ɗaya tak."

"To me ya sa kika cika uku?"

"Ke Tanjila, baƙinku ƙarfe huɗu za su tafi. Jirgin ruwan da zai kwashi kayan jibi zai tashi, sai goman dare za a sake mu. Da iska zan yi aiki? A jaka zan cusa shi ƙarƙashin keke, wa zai leƙa?" Ta ɗaure murfin, sannan ta ce ba tare da ta dube ni ba, "In kin zo ki wuce ni kamar ba ki san ni ba. Kada ki ce Amma, kada ki taɓa mini ƙafa don gaisuwa. Kina cikin manyan mutane, ki zauna a cikinsu."

Kamata ya yi in ce haba Amma. Ban ce ba. Sanyi ma na ji a raina, kuma har yau in na tuna kunya ke kama ni.

Ƙarfe goma sha ɗaya motarmu ta tsaya a ƙofar masana'antar. Manajan, Shafiqul Saheb, ya tarbe mu da furanni yana washe baki. An shafa sabon fenti rawaya a ƙasa, bai ma bushe ba, ya manne a takalmin Ishrat tana ta tsaki. Kowace mai ɗinki da sabon ƙyallen rufe hanci, har alamar ninkin leda na jiki. Farfesan baƙin, wani dattijo mai suna Hendriks, ya tsaya yana yi wa ɗalibansa bayani: auduga daga Indiya, maɓalli daga Sin, ɗinki a nan, mai saye a Turai, duniya ta zama kasuwa guda. Ni dai ban ji rabin abin da ya ce ba, idona na kan layi na bakwai inda uwata take.

Aka ce kowane baƙo ya zaɓi ma'aikaciya guda ya yi mata tambaya. Mata ɗari huɗu ne a hawan benen nan. Femke ta wuce layi na biyar, ta wuce na shida, ta tsaya cak a gaban uwata.

"Wannan hannunta ya fi na kowa sauri," in ji ta. "Tambayar mini ita ƙarfe nawa take tashi."

Na dubi Amma. "Khala," na ce, yadda ake ce wa kowace dattijuwa a hanya, "ƙarfe nawa kuke tashi?"

"Ƙarfe biyar, Apa," in ji uwar da ta haife ni, tana kirana da sunan girmamawa kamar wata babba, idonta na kan allura.

Ta ba da haddar tsaf, ba gyara. Har na fara sakin numfashi sai ƙararrawar cin abincin rana ta kaɗa, kekuna suka yi tsit, Femke kuma ta dafa teburin. Tun jiya cikinta ke murɗa, ba ta sa komai a baki ba, ga tururin masu guga na busowa daga ƙarshen layin. Fuskarta ta yi fari fat, ta zube a kan tarin riguna.

Mu kuwa an san halinmu. A gidanmu ko mai karanta mitar wuta ya shigo ba ya fita sai ya ci wani abu. Amma ta ga baƙuwar 'yarta a ƙasa da yunwa, sai haddar kwana uku ta bi iska. Ta janyo jakar daga ƙarƙashin keke, ta zare kwanon, ta jera hawa ukun a kan tebur tana neman wanda ba yaji.

"Ci, 'yar nan, ci. Wayyo, 'yar mutane daga uwa duniya! Ke, gaya mata ba barkono a wannan."

Ta cuɗa shinkafar da dankali da gishiri, ta riƙa ba ta a baki da hannunta. Femke ta cinye hawan sama tas, jini ya dawo mata fuska. Ta yi godiya, ta ɗaga waya ta ɗauki hoto. Sai na ga idonta ya tsaya a kan sauran kwanukan biyu, ya sauka ƙarƙashin kekunan maƙwabta inda jakunkuna suka yi tulu-tulu. Ta buɗe littafinta.

A matakala ta riƙo hannuna. "Tanjila, kin gani? Abinci uku. Wanda ke tashi ƙarfe biyar ba ya zuwa aiki da abincin dare. Ƙarya suke yi mana."

Ta nuna mini hoton. Ga kwanukan, ga Amma, ga katinta a wuya, Morjina Begum da lambarta ɓaro-ɓaro.

"Femke, don Allah goge shi."

"Me ya sa? Abin da ya kawo mu ke nan. Ƙarfe uku kowa zai nuna abu guda da ya gano, ni wannan zan nuna. In masu sayen kayan suka sani za su tilasta a gyara. Taimakonta zan yi, ta ciyar da ni fa."

"Korarta za a yi."

"A gabanmu? Ba za su iya ba."

"Ke ranar Lahadi za ki hau jirgi. Ita Litinin tana nan."

Na ga alamar maganar ta shige ta. Da a ce na ƙara kalma biyu a lokacin, da an wuce wurin. Sai ga Ishrat ta sauko tana goge takalmi da takarda.

"Ke Tanjila, kin bar baƙuwarki ta ci abincin 'yan keke da hannu? Tabɗi, yau sai asibiti."

Na kau da kai. Femke ta mayar da wayar aljihu, hoton na ciki.

Ƙarfe uku muka taru a ɗakin taro, ga sanyin na'ura, ga shayi da biskit. Wani ya yi magana a kan injin yankan yadi, wata ta yabi ɗakin renon jarirai wanda ko jariri ɗaya babu a ciki. Aka kira Femke. Hoton uwata ya cika bango.

Ta yi bayaninta cikin ladabi, ta ƙirga kwanukan da yatsa, ta yi tambayarta. Sar Mizanur ya sunkuyar da kai yana juya cokali a shayin da ya riga ya shanye. Shafiqul Saheb bai daina murmushi ba. Ya ɗan matsa kusa da bango, ya ƙanƙance ido yana karanta lambar katin, ya rubuta a bayan takardar gabansa. Wannan rubutun na gani na san aikin Amma na kan siraɗi.

"Tambaya mai kyau," in ji shi. "Mu a nan ba ma ɓoye komai. A kira ta ta faɗa da bakinta."

Aka shigo da Amma rungume da kwanon, zare maƙale a gyalenta. Ba ta taɓa taka kafet ɗin nan ba, har ta tuɓe silifas a bakin ƙofa.

"Morjina," ya ce da harshenmu, murya kamar zuma, "baƙuwarmu na son sanin me ya sa mai tashi ƙarfe biyar take zuwa da abinci uku. Gaya mata mana. Ki yi tunani da kyau."

In ta faɗi gaskiya ta tafi. In ta yi shiru ta tafi. Ta dubi ƙasa, ta dubi bango, ko'ina ta duba ban da inda nake zaune. Ko a lokacin ma ni take karewa.

Ban san sadda na miƙe ba. Kujerata ta faɗi ta baya.

"Nawa ne," na ce da Turanci. "Hawa biyun nan nawa ne. Uwata ce."

Na ji Ishrat ta ja numfashi. Ban waiwaya ba. Ƙaryar kuma sai ta riƙa zuwa da kanta: wai ina koyar da yara darasin yamma a nan kusa, wai kullum ƙarfe biyar in ta tashi nake biyowa bakin ƙofa in karɓi abincina. Na tako har gabanta, na durƙusa na taɓa ƙafafunta biyu na shafa a ƙirjina, yadda nake yi duk safiyar Idi.

"Amma," na ce. Hannunta ya sauka a kaina.

Shafiqul Saheb ba wawa ba ne. Kafin kowa ya farga ya fara tafi. "Kun gani? 'Yar mai ɗinkinmu a jami'a! Wannan shi ne amfanin rigar da kuke saye." Ɗaki ya ɗauki tafi. Farfesa Hendriks ya ce wannan misali zai shiga darasinsa na baɗi. Femke ta yi jajir, ta ba manaja haƙuri a gaban kowa, ta goge hoton yana kallo. Sannan ta dube ni, dogon kallo, na tabbata ta gane. Ba ta ce komai ba, kuma don wannan shirun har gobe ina ganin girmanta.

Ana fita manajan ya tsaya kusa da ni yana gyara agogo, ya yi ƙasa da murya.

"Kin iya magana, 'yata. Baƙin nan suna gari har Lahadi, wannan doguwar kuma ba ta da tabbas, tana iya dawowa. Saboda haka abin da kika faɗa shi ne gaskiya daga yau. Kullum ƙarfe biyar ki zo ki karɓi abincinki a gaban mai gadi, hawa biyu. Tagata na kallon ƙofar."

Motar baƙi ta tafi ba ni. Ishrat ta zauna jikin taga tana danna waya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ƙarfe biyar aka buɗe babbar ƙofa, mata suka fito tururuwa kamar an tashi da gaske, suka zagaya ta lungu inda ƙaramar ƙofar baya ke jiransu. Amma ta zo ta miƙo mini hawa biyu, ta riƙe na saman wanda Femke ta cinye.

"Amma, rabonki da abinci tun asuba. Bari in zagayo in miƙa miki ta baya."

"Kul. Ɗaga kai ki gani."

Na ɗaga. Manajan na tsaye a taga da kofin shayi.

"Zauna nan ki ci a gabansa," ta ce. "Ki ci da kyau, kada ki yi tsakura." Ta cire zaren da ke gyalenta, ta gyara mini wuyan riga, irin gyaran mai sana'a. "Ke kuma ba na ce kada ki kira ni ba? A gaban Turawa, a gaban malaminku!" Faɗa take yi, amma bakinta ya ƙi rufuwa don murmushi.

Ta juya ta bi lungun da kwano ɗaya wanda ba komai a ciki. Na zauna a dakalin mai gadi na buɗe hawa na uku, shinkafa da busasshen kifi, abincinta na dare. Ina kai loma ta biyu na ji kekunan sun tashi a sama.