Tayi na Biyu a Gidan Zurmi

Ɗakin da Zulaihat da Innarta suke kwana a Kaura Namoda ba ɗakin mutane ba ne, ɗakin hatsi ne. Kawunta ya ara musu shi lokacin da suka baro Zurmi saboda 'yan bindiga. Yanzu kaka ta yi, gero yana hanya, ga Inna kwance ba ta ko iya zama. Mafita ɗaya ce, a sayar da gidan Zurmi a sayi ko ɗaki biyu a nan.

Da hantsi dillali Mainasara ya yi sallama, ya zauna a bakin ƙofa yana fifita da hularsa.

"Ɗiyata, an taya gida. Alhaji Namadi na Shinkafi. Abin da ya bayar zai sai maku ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, na riga na gano wurin."

"Shi zai zauna ciki, Baba?"

"Wa? Alhaji?" Ya yi dariya. "Buhuna za su zauna. Rushewa zai yi ya gina sito."

Hankalin Zulaihat ya koma gidansu na Zurmi. Ta ga bishiyar lemun da mahaifinta ya dasa, ta ga katangar da ta taɓa zama iyakar duniyarta, wadda a bayanta keken ɗinkin Sirajo yake kuka tun safe har la'asar. Sirajo maƙwabcinsu ne. Bai taɓa ce mata komai ba, sai dai duk sallah ɗinkinta yake fara gamawa.

Mainasara ya gyara murya. "Akwai kuma wanda ya tare ni a tasha, yana son tayawa. Telan nan na bayanku."

Ta ɗago kai da sauri har ta ji kunya. "Nawa ya taya?"

"Ban bari ya faɗi ba."

"Haba Baba! Don me?"

"Ba a taya kan tayin wani, kin sani. Maganar Alhaji tana hannuna. Ko ki ce kin sallama, ko ki ce albarka in mayar mashi da abinshi, sannan in saurari tela."

"To ka ji a asirce mana, ka raɗa mini. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Tun ba a haife ki ba nake wanga aiki, ban taɓa auna mutum biyu a mudu guda ba."

"In na ce albarka, Alhaji zai jira?"

"Jira? Rabin unguwarku na kasuwa, ɗiyata. Kafin azahar ya taya gidan gaba."

Ta shiga ciki ta durƙusa. "Inna, kin ji?"

Inna ta juya fuskarta bango. "Ke na wakilta. Ni dai kada in mutu a titi."

Zulaihat ta dubi ɗakin. Ba taga, sai wata 'yar kafa da haske yake shigowa kamar zare. Ta san abin da tela yake samu a garin da mutane suka daina ɗinka sabon kaya. Amma ta san kuma in Sirajo ya saya, lemun zai rayu, kuma wata rana idan gari ya lafa, akwai ƙofar da za ta iya ƙwanƙwasawa. So take a bar ta ta ji, ko da kaɗan ne, ta san iya inda ya kai dominta.

Sai ga ƙarar amalanke a waje. Shanu suka tsaya, aka fara jibge dammunan gero a jikin bangon ɗakin. Kawu yana tsaye yana ƙirga su, bai ma dubi ƙofar ba.

Ta fito. Ta tsaya gaban Mainasara.

"Na sallama."

"Allah ya sanya alheri," in ji Mainasara, ya kifa hularsa ya miƙe.

"Baba, in ka ga Sirajo, ka tambaye shi nawa ya so tayawa."

Tsohon ya juyo ya dube ta.

"Gidan Alhaji ne yanzu, ɗiyata. Ba ni da abin tambaya."