Gidan da ke Cikin Katin Ilyasu

Na ciro na'urar daga sharji na kai wa Ilyasu har kan katifarsa, na juya zan koma kan keken ɗinkina, sai na ji ya kira ni da wata irin murya da ban so ba.

"Yaya Samira, ina kati?"

Na dawo na leƙa. Allon baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutu ja a sama. Ya juya bayan na'urar ya nuna mani ramin da katin memuwa ke zama. Wayam.

Ilyasu ƙanena ne. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Maraɗi zuwa Katsina, har ranar da taya ta fashe masa gab da Ɗan Issa motar ta kife da shi. Ya tsira da ransa, ƙafafu kuwa ba su sake ɗaukarsa ba. A daminar shekarar hatsarin ce kuma ruwa ya cinye gidanmu na gado da ke bakin gulbi, muka tattaro muka dawo nan kan tudu. Yaron nan ya juya fuska ga bango, ba magana, ba cin abinci, sai ido. Ni da Inna mun yi lallashi, mun yi faɗa, mun yi kuka, duk a banza.

Abokinsa Habibu, mai gyaran salula a Maraɗi, shi ya kawo masa na'urar wasa ta hannu, mai allo a tsaka da maɓallai hagu da dama. Habibu ya buɗe cikinta ya liƙa mata wani ɗan abu da dalma. Tun daga nan in an kunna ta sai ta fara leƙa katin memuwa ta nemi wani ɗan shiri da suke ce wa butloda. Shi ke tada ta, ya tambaye ka ta ina za ka shiga: ƙwaƙwalwarta ta ciki, ko kwafinta da ke kan kati. Don Habibu ya yanki wani ɓangare na katin ya kwafe ƙwaƙwalwar kaf a ciki, ya ɓoye ɓangaren yadda salula ba ta ganinsa. A kwafin nan Ilyasu ke wasan gini, don a nan ne kaɗai ake iya cusa abin da wasan bai zo da shi ba, jar ƙasa, azara, rumbu, zana.

Gidanmu da ruwa ya ci yake ginawa. Ɗaki bayan ɗaki, yana tambayata inda randa take da inda rijiya take. Tun da ya soma ginin nan ya koma cin tuwo, har tsokanata yake yi. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa Inna ba sai ya gama, don ita ko sunan unguwar aka ambata sai ta yi hawaye. Kuma ginin nan ba shi da wani wuri a duniya sai cikin ɓoyayyen ɓangaren katin.

Na fito tsakar gida. Inna na tankaɗe, rediyonta na gefe shiru.

"Inna, kin taɓa na'urar Ilyasu?"

"Abin wasan yaran nan? Kati kawai na zara da tsinken kitso. Nawa ya mutu tun jiya. Na kai wa Zakari na bakin tasha shi zuba mani karatu."

Ko a jikinta. Haka muke yi a gidan nan, kuma haka kowa ke yi a garin: kati ya fita daga salula ya shiga rediyo, ya fita daga rediyo ya tafi gidan maƙwabta. Wa ya taɓa neman izinin kati?

"Inna! Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Mi na yi? Karatun Alƙur'ani za ni riƙa kunna mashi a kansa, ko Allah ya sa a dace. Shina kwance yana ta latse-latse kamar ɗan goye. Zakari ya ce sai ya wanke katin tukuna, in komo bayan azahar."

Wanke kati. Na san abin da Zakari ke nufi da wanki. Wallahi bakina ya cika da magana, amma uwa ce, kuma don ɗanta ta yi. Na haɗiye, na fizgi hijabi a igiya. Ta taga na hango Ilyasu, ya ji komai. Ya ajiye na'urar a ƙasa, yana ja da gwiwar hannu yana juyawa wajen bango. Wannan juyin na san shi, kuma na rantse ba zan sake ganinsa ba.

Ranar da kake neman kabu-kabu ranar suke ɓacewa. Ko ɗaya babu a bakin layi. Na cire takalma na riƙe a hannu na sheƙa cikin yashi, ni da girmana, mata na leƙowa ta kan zana suna tambayar ko lafiya. Amalanken jaki ya tare mani hanya wajen injin niƙa, na zagaye shi ina zagin jakin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Rumfar Zakari mai tura waƙa tun daga nesa ake jin ta, lasifika na ƙara, gurup, injin ba da wuta, na tuƙa hayaƙi a baya. Na tarar da shi ya duƙufa a kan ordinata, wato kwamfuta, katinmu na soke a gefenta.

"Zakari, katin Inna!"

"A'a, Samira tela, da kanki? Sannu da gudu. Ai na wanke shi tas, na zuba karatu, na ƙara mata wa'azi kyauta."

Na dafa tebur.

"Amma katin nan akwai munafunci cikinsa," ya ci gaba yana murmushi, shi a dole gwani. "Abin da aka rubuta a bayansa daban, abin da ya nuna daban. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya ɓace. Na bincika na gano inda ya maƙale. Kin gan shi nan. Yanzu za ni goge shi in haɗe mata duka."

A allon akwai dogon layi mai launi biyu, babba da ƙarami. A kan ƙaramin wani akwati ya buɗe yana tambaya da Faransanci, e ko a'a. Ƴar kibiyar tana zaune daram a kan e, yatsan Zakari kuma na kan ɗan ɓeran da ake dannawa.

Ban san lokacin da na damƙi wuyan hannunsa ba.

"Kai! In ka danna, wallahi ni da kai a garin nan!"

"Subhanallahi! Sake ni, baiwar Allah, mutane na kallo!"

Suna kallo kuwa. Ƴan kamasho, mai shayi, masu jiran motar Ɗan Issa, duk sun juyo. Ai su kalla. Da ɗaya hannun na ja ɓeran daga ƙarƙashin yatsansa a hankali, kamar mai ɗauke wuƙa daga gaban jariri, na cire igiyar ɓeran daga ordinatar na jefa shi cikin hijabina.

"Wurin da babu komai kike wa wanga tashin hankali?"

"Gidanmu ne a ciki. Gidan Ilyasu."

Ya dube ni kamar na zautu. Amma ya san Ilyasu, tare suka yi lakwal, ajinsu ɗaya. Ya miƙa hannu ya kashe lasifikar, wurin ya yi tsit sai ƙarar gurup. Ya danna wani maɓalli, akwatin ya rufe. Sannan ya sosa ƙeya.

"Samira, gaskiya ɗaya ce. Ɗazu na danna sau ɗaya. Ina dannawa esansi ya ƙare, ba ɗigon mai, gurup ya mutu, komi ya ɗauke. Ban sani ba ko ya kama ko bai kama ba."

Na ji kamar in zauna a ƙasa in kurma ihu. Na kira Habibu. Rezon waya na yankewa, ina jin rabin magana ina rasa rabi, sai da na fita tsakiyar rana na tsaya kusa da tulin buhunan wake kafin muryarsa ta fito sosai.

"Yaya, ki natsu," in ji shi. "Wankin da ya yi ya tafi da butloda, wannan ba komi, yanzu za ni turo wa Zakari shi mayar. Matsalar, ɗan bayanin da ke nuna inda ɓoyayyen wurin ya fara shi ma ya tafi. Sai na'urar ta nemo da kanta. In kun kunna za ku ga zaɓi biyu kusa da juna. Na hagu sabo yake ƙirƙira, in kuka taɓa shi ya shafe tsohon har abada. Na dama shi ke neman tsohon. Dama, Yaya. Kin ji?"

"In bai samu ba fa?"

"Ku gwada dai," ya ce.

Zakari ya mayar da abin da aka turo, ya naɗe katin a ƴar takarda ya ba ni. Ya ce in gaida Ilyasu. Na ce ya gaishe shi da ƙafarsa, ya san gidan.

Na tarar da Inna zaune a bakin ƙofar Ilyasu, rediyo a cinya, garin da take tankaɗe kaji sun samu. Da alama ta shiga ta yi masa magana bai amsa ba. Ta ɗago ta dube ni, na tsallake ta na shiga.

"Ilyasu, ga kati."

Bai motsa ba.

"Kai, juyo nan! Ban yi gudu babu takalmi a gaban ƴan tasha don in zo in yi magana da ƙeyarka ba."

Ya juyo a hankali. Na faɗa masa komai, har dannawar Zakari, ban rage ba. Ya karɓi katin ya soka, ya kunna. Allon ya yi baƙi, ya daɗe a baƙi, sannan butloda ya bayyana da ƴan akwatunansa. Ilyasu ya shiga inda Habibu ya ce. Ga su nan biyu, manne da juna, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba.

"Yaya, danna. Ni ba ni iyawa."

Ni da ke zura zare a allura ko da ido rufe, sai ga yatsana ya zama na wani. Dama. Wace ce dama? Na tsaya na tuna hannun da nake cin tuwo da shi, na yi bisimilla, na taɓa.

Wani ɗan layi ya soma tafiya. Ya tafi, ya tsaya. Ina jin numfashin Inna a bakin ƙofa. Akuyar maƙwabta ta yi kuka na ji kamar in fita in shaƙe ta. Layin ya ƙi motsi, Ilyasu ya rufe ido, leɓensa na motsi.

Sai rubutu ya fito kore.

"Ya ga wani abu," ya ce, murya can ƙasa. "Saura mu ga ko da rai."

Ya koma baya ya zaɓi shiga ta kati. Baƙi kuma. Tambarin na'urar ya fito. Kaset ɗin wasan na ciki dama, ya buɗe shi, muka jira. Ni dai na daina kallo, na kafa ido a kan azarar ɗaki, sai da na ji ya saki wani dogon numfashi mai haɗe da kuka.

Ga zaurenmu. Ga jar katanga da tsagar da ke gefenta, ga rumbuna biyu, ga bishiyar bedi a tsakar gida. Ko tubali ɗaya bai faɗi ba. Na zauna daɓas a ƙasa, sai lokacin na ji tafin ƙafata na zafi, ashe ƙaya ce ta shige tun a hanya.

Inna ta shigo tana jan ƙafa, ta tsaya daga nesa.

"Ilyasu, ka yahe mani. Ban san abin naka na da muhimmanci haka ba."

Ya dube ni, na dube shi. Ginin bai ƙare ba, amma ya ɗaga na'urar ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu kamar an ba ta kwanon zafi, ta kai kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa. Na ga lokacin da ta gane. Bakinta ya buɗe, ta dafa bango. Na matsa kusa don in tare ta in ta faɗi, na shirya wa kukan da na san yana zuwa.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta goge ido da bakin zane, ta tsuke fuska.

"Wa ya ce maka ƙofar ɗakina yamma take kallo?"

"Yaya ce ta ce."

"Yayarka ba ta san komi ba. Gabas take kallo, rana na faɗo mani a gado. Kuma ina turke? Wanga gida babu turke?"

"Zauna, Inna, ki nuna mani."

Ta zauna a bakin katifar, ta ajiye rediyon a ƙasa. Ilyasu ya ja jiki ya matsa mata, ya tafi da hoton a hankali ya ratsa zaure, ya wuce rijiya, har gindin bedi. Ta ɗora yatsa a kan allon, a wani fili da bai sa komai ba.

"Nan," ta ce. "Nan babanku ke ɗaure jakinsa."