Fuskar Inna Marka

Ranar Talata bayan azahar, Malama Kuluwa ta ɗan kishingiɗa da waya a hannu, barci ya sace ta, ta yi wani mafarki.

Kafin nan ta jima tana kallon hoto ɗaya. Ita ce shugabar ƙungiyar matan Tsamiyar Gabas, masu neman gudummawar rufe ɗakin haihuwa kafin damina. Ta yi wata guda tana roƙo a Fesbuk, ba abin da ta samu sai addu'a. Aka ce mata jama'a ba sa buɗe aljihu sai sun ga hawaye. To, tana da hoton Inna Marka ungozoma, tsaye ƙarƙashin ɓulallen rufin tana kuka, ba ta san an ɗauka ba. Tsohuwar nan ita ta yanke wa Kuluwa cibiya, kuma ba wanda ya taɓa ganin kukanta. Saura kawai a danna a tura.

A mafarkin, ruwan sama daga ƙasa yake tashi, don haka kowa na takawa a kan lemarsa. Kuluwa ta shiga ofishin taimako, ta tarar da akuya sanye da tabarau a bayan tebur. Akuyar ta amsa gaisuwa har da tambayar yara, ta karɓi takardar ƙungiya ta cinye cikin ladabi.

"Ina hawayen?" in ji ta. "Nan da mudu muke aunawa."

Sai ga Kuluwa a kasuwa. An kasa manyan yatsu irin na Fesbuk a faranti kamar tumatir, kowa na miƙa mata kyauta yana cewa Allah ya ba da lada. Ta cika buhu, ta jera su a kan rufi, ruwa ya bi ta tsakaninsu ya wuce sama abinsa.

Haushi ya kama ta, ta danna. Hoton ya yi fiffike ya tashi. Duk wayar da ya sauka a kai, sai mai ita ya ce Allah sarki, ya gutsiri kaɗan daga fuskar ya sa a aljihu. Kwanon rufi kuwa ya dinga saukowa falle-falle, sabo fil, akuyar tana buga masa hatimi da kofato. Kafin la'asar ɗaki ya rufu, mata suna ta guɗa.

Sai ta ji an goya ta. Mace mai shekara arba'in da uku, ƙafafunta na jan ƙasa, amma zanen goyon ya isa. Ta gane bayan tun ba ta leƙa ba, ƙamshin man kaɗanya ne da hayaƙi. Da ta leƙa, babu fuska, an rabe ta kaf. Kuluwa ta fara ba da haƙuri, tana cewa ai don matan gari ta yi.

"Na sani, 'yar nan," in ji Inna Marka, tana jijjiga ta. "Rufin ya yi kyau. Da dai kin faɗa mini, da na sa mayafina na Sallah."

Injin markaɗen maƙwabta ya tashi da tari. Kuluwa ta farka, wayar na kan ƙirjinta, hoton yana nan ba a tura ba. Ta kife ta, ta shiga laluben takalmanta, don gidan Inna da ɗan nisa.