Rahoton Bara

Shekara uku kamfanin Rumaisa na Kalgo yana shirya wa manoman Dalijan horon kwamfuta a farkon damina. Manoma suna gona, kujeru ke saurare. Duk shekara abokin aikinta Ɗalha yakan rubuta kyakkyawan rahoto kan darasin da aka koya, a adana shi da mutunci. Bana manoman suka ce in aka maimaita, za su nemi wani kamfanin.

Da Ɗalha ya kawo sabon tsari, shi ma a farkon damina, Rumaisa ta miƙa masa rahoton bara.

"Malam Ɗalha, karanta mana."

"Hajiya, ai ni na rubuta shi."

"Shi ya sa. Karanta."

A shafi na biyu ya ga inda shi da kansa ya rubuta cewa manoma ba sa zuwa horo da damina, ya ɗauki biro, ya mayar da horon bayan girbi.